Aron Lailatu

Siddiƙu ya zagaya ƙirjin yarinyar da zaren awo, sai ya ga ƙullin da ya yi a zuwanta na baya ya zarce da faɗin yatsa biyu. Zare dai ba ya ƙaruwa, ita ce ta rame.

"Ɗaga hannu, ke."

"Ke" ɗin nan ne iyakar sunan da ya taɓa kiranta da shi. Lailatu 'yar farinsa ce, mai mutunci kuwa ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya nuna ya san da zamansa. Tun da aka yaye ta, yayarsa Karimatu ta ɗauke ta riƙo zuwa Ƙofar Kware. Can take daka, take ɗiban ruwa, abinci kuwa sai ƙanzon tukunya. Duk dangi sun sani, kuma duk suna yabon kawaicin Siddiƙu.

Shi maɗinkin hannu ne, gwanin aikin wuyan riga. Ba a daɗe da Nasara suka ci Sakkwato ba wani Bature ya aiko kukunsa Dodo da wata 'yar riga mai tattara a ƙirji, an bi tattarar da zare mai launi. Yana son irinta guda uku ya kai wa 'yarsa a ƙasarsu, wai shekarunta bakwai. Siddiƙu ya ce ba ya iya wa aikin sai da yarinyar da zai riƙa gwadawa, ya aika wa Karimatu yana neman aron tata.

Duk ranar awo, Zainaba, uwar yarinyar, takan ajiye akushin tuwo a bayan ƙofa, ta juya baya tana sharar da ta riga ta yi. Lailatu takan cinye tana tsaye. Ba wanda ya ba ta, saboda haka ba wanda ya yi rashin kunya.

* * *

Riga biyu suka ƙare, ta ukun ta ƙi ƙarewa. Siddiƙu yakan tattara ƙirjin, ya jera masa ado kamar saƙar zuma, in yarinyar ta tafi ya sa tsinin allura ya warware. Tsoro yake ji, kuma ya san tsoron mene ne: ranar da rigar ta ƙare, aron ma ya ƙare.

Dodo ya gaji da sintiri.

"Malam, Bature za shi gida hutu jibi. Ya ce ko an ƙare ko ba a ƙare ba, in taho da ita."

"Tattarar ba ta zamna ba tukuna."

"Ta zamna can. Biyun da kab ba ni ma ya gwada su da wadda ya aiko, ya ce sun matse, wai wace irin ɗiya ce kaka gwada wa?"

Siddiƙu ya miƙa masa ɗinkin. Dodo ya naɗe rigar da allurar a jikinta ya fita.

* * *

Ranar awo ta zagayo, ba a aiko Lailatu ba. Zainaba ta tuƙa tuwo ta rufe. Da la'asar Siddiƙu ya zura zaren awo a aljihu ya nufi Ƙofar Kware. A hanya ya shirya maganarsa tsaf: Yaya, ki ba ni 'yata.

Ya tarar da Karimatu tana kaɗi. Daga bayan ɗaki ana jin daka, a buga sau biyu a tsaya tari.

"Yaya, aron yarinyag ga niz zo."

"Bature ya tahi, duk gari an sani. Awon mi kuma?" Ta ajiye mazari ta dube shi. "Ko wata magana ta ag gare ka bisa ɗiyata?"

Maƙwabta biyu da ke tsakar gidan suka daina tsintar wake. Dakan ma ya tsaya.

Siddiƙu ya dubi ƙasa, ya dubi akuyar da ke ɗaure a turke.

"A'a, Yaya. Akuyarki nig gani ta rame. A ƙara mata dussa."

"To, an ji."

Ya yi sallama. Kafin ya fita zaure, an ci gaba da dakan.