Motar Baba a Kan Katako

Mariƙin da ke saman ƙofar direba ya fara kwancewa. Muna hanyar gareji na lura da shi, duk ramin da muka faɗa sai ya yi rawa, sukurunsa ɗaya ya leƙo waje. Baba ne ke tuƙi, Yaya na gefensa yana ta nuna masa hotuna a waya, ni ina kujerar baya na rungume jakata.

Na san abin da ya kwance shi. Tagar ɗakina tana kallon inda ake ajiye motar, kuma wata uku ke nan ina ganin yadda Baba ke shiga da safe. Sai ya waiga ya tabbata babu kowa a tsakar gida, ya rataya nauyinsa duka a mariƙin nan, sannan ya sa ɗaya hannun ya ɗago ƙafarsa ta dama kamar mai ɗaga buhu. Wata rana sai a karo na uku yake shiga. Gwiwar ce. Ko Umma bai gaya wa ba, ni ma ban gaya wa kowa na gani ba. Yau ma ya riga mu fitowa, muka tarar da shi a zaune injin na aiki.

Motar ƙatuwar a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, shekara tara da ita yake zuwa gonar kajinsa. Bana ruwan sama ya cinye hanyar gonar, manyan motoci suka haƙa mata kwari biyu, tsakiyarta ta zama tudu. Sau biyu ƙarƙashin motar yana hawa tudun nan ta tsaya cak. Shi ne Yaya ya kawo shawarar a sa mata kayan ƙarin tsayi. Akwai na inci biyu, akwai na huɗu, akwai na shida. Yaya na shidan yake so.

Tun bara Yaya ke cewa Baba ya huta ya bar masa gonar. Ba da mugun nufi ba, amma na san ranar da Baba ya kasa shiga motar nan a gabansa, to shi da gona sun yi sallama, sai zaman falo da rediyo.

“Dubi wannan, Baba,” in ji Yaya. “Wallahi in ka shigo unguwa da ita a haka, sai an ba ka hanya.”

“Kai ka bar ni in kalli titi.”

“Farfesa, ke fa? Kin yi shiru. Ko lissafi kike yi?”

Haka yake kira na tun da na gama jami'a. Na ce masa ba komai.

Da muka isa, ni da Yaya muka sauka. Baba ya tsaya yana binciken takardun da ba ya nema, sai da muka juya baya na ji saukarsa, da ɗan nishin da ya haɗiye.

Mai garejin gajeren dattijo ne mai farin gemu, da guntun alli maƙale a kunne. Gefensa wani mai walda ne, ƙato, ya ture tabaransa zuwa goshi. Suka gaisa da Baba kamar waɗanda suka saba, sannan aka buɗe mana kwalaye a kan benci. Na inci biyu ɗan kwali ne: shokozoba huɗu, tubalan ƙarfe, da dogayen kusoshi masu lanƙwasa. Na shida kuwa kwali uku ne, har da wasu manyan ƙarafa baƙaƙe. Yaya ya shafa su kamar mai taya rago.

Ni ba kanikanci na karanta ba, amma kwana uku ina bincike a waya, jiya kuma na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar. Na tanadi magana ɗaya da ba ta shafi ƙafar kowa ba. Sai dai ban iya magana a cikin maza ba, ko a aji sai an kira sunana.

“Baba mai gareji,” na ce. Bai ji ba, sai da na sake. “Abin da ke dukan ƙasa fa ba jikin motar ba ne. Wannan ƙullutun ƙarfen ne mai kamar tulu a tsakiyar ƙafafun baya. Shi ko an ɗaga mota yana nan inda yake.”

Kowa ya juyo ya kalle ni.

Mai gareji ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashi. Da ya fito yana karkaɗe riga ya ce, “Alhaji, 'yarka ta fi yarana ido. Duk gurzar a tulun take. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Na inci biyu ya isa in sa maka taya mai ɗan girma, ka haye tudunka lafiya.”

Zuciyata ta ɗan kwanta, amma ba ta daɗe ba.

“To ai shi ne,” in ji Yaya. “Da na shida taya wacce ta fi wannan girma za a sa, tulun ya ƙara sama. Ko ba haka ba, Injiniya?”

“Haka ne. Amma mota mai tsayi tana rangaji a kwana, ga ku da kiret-kiret ɗin ƙwai a baya.”

“Baba da ko keke yana wuce shi a hanya? Wace kwana?”

Mai walda ya kwashe da dariya. Baba ya harari Yaya, amma shi ma gefen bakinsa ya motsa.

“Kuma ku sani,” in ji mai gareji, “na shidan nan sai na yanke ƙarfe a ƙasa kafin ya zauna. In na yanke, babu komawa.”

Yaya ya juya ga Baba yana murmushi. “Sai dai in tsayin kake tsoro, tsoho.”

Wasa yake yi, irin wanda suka saba. Amma na ga wuyan Baba ya miƙe.

“Tsoro? Kafin a haife ka nake hawa kan lodin tirela in ɗaure tamfol. Injiniya, sa na shidan.”

Na kalli Baba, ya ƙi kallo na.

“To madalla,” in ji mai gareji. “Amma ni ina da ƙa'ida. Ba na kama sifana sai mai mota ya gwada tsayin da ƙafarsa. Na taɓa ɗaga wa wani, kashegari ya dawo da matarsa, ta zazzage ni tas a gaban jama'a, wai sai da turmi take hawa. Tun ranar na yanka katakaina.”

Ya nuna jingin katakai a bango, masu faɗi, kowanne kaurin inci biyu. Shi da mai walda suka jera uku-uku a gaban kowace taya, kowane na sama ya ɗan ja baya kamar matakala. Yaya ya karɓi makulli ya hau da motar a hankali, katakan suna ƙara, har ta daidaita. Ya diro yana tafi.

Motar ta zama wata iri. Bakin ƙofar ya kusa kai mini ƙugu.

“Bismillah, Alhaji. Ka hau ka sauka sau uku.”

Baba ya gyara hularsa. Ya fara takawa, a hankali, yana ɗan jan ƙafar yadda ba mai ganewa sai wanda ya sani. Taku shida ne tsakaninsa da ƙofar. Na ƙirga uku. Na rasa inda zan sa idona. In na faɗi gaskiya na kunyata shi da bakina, in na yi shiru ya kunyata a gaban ɗansa da baƙi.

Ban san lokacin da na sha gabansa ba.

“Bari in fara,” na ce. “Ai ni ma zan riƙa hawa.”

“Ke? Zuwa ina?” in ji Yaya.

Na kama gefen ƙofa, na ɗaga ƙafa. Da na so, da na haye, ban kai nauyin buhun dusa biyu ba. Sai na bar takalmina ya zame. Na yi niyyar ya zama ɗan zamewa ne, amma ƙaurina ya daki bakin ƙarfen da gaske, har na ga wuta. Na sake gwadawa, siket ya harɗe ni, na dawo ƙasa da zama daɓas.

Mai walda ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Yaya kuwa har da riƙe ciki.

“Digiri guda a ƙasa! Farfesa, a kawo miki tsani?”

Na miƙe ina karkaɗe siket, hawaye na neman zubowa, rabi na zafi rabi na kunya. “Ni dai ba zan iya wannan ba. Kuma Baba ya ce da ita zai koya mini tuƙi.”

Ƙarya ce, bai taɓa faɗa ba. Yaya ya daina dariya ya dubi Baba. “Wai haka ne?”

Baba ya kalle ni. Ya kalli ƙaurina inda jini ya ɗan ɓullo, ya kalli bakin ƙofar, ya sake kallo na. Ya daɗe. A nan na san ya gane, ba wai faɗuwar kaɗai ba, har da tagar ɗakina. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ƙaryata ni.

“Na faɗa,” in ji shi.

“To a sa mata matakalar ƙarfe mana,” in ji Yaya. “Don Auta sai a fasa abin arziki?”

Mai gareji ya cire allin kunnensa yana juya shi. Tun ɗazu na ga idonsa a kan tafiyar Baba, ba a kan faɗuwata ba. “Matakala a wannan hanyar taku? Ita za ta fara cin ƙasa. Kwana biyu ka tsince ta a daji.”

“Yarinyar nan ta cika fitina,” in ji Baba, yana ɗaure fuska. “Sa na biyun, Injiniya, kada ta karye a hannuna uwarta ta cinye ni.”

Yaya ya yi ta mita, wai an mayar da mota ta mata, amma ya sauko da ita. Aka janye katakai bibbiyu, aka bar ɗaya-ɗaya, mai gareji ya ƙara wani siriri a kai saboda sabuwar taya. Yaya ya sake hawa da ita ya sauko ya bar ƙofar a buɗe.

Ni na ɗauka an gama. Sai na ji mai gareji ya ce, “Ƙa'ida dai tana nan, Alhaji. Amma sau ɗaya ya isa.”

Yadda motar take ma da ƙyar ne, balle an ƙara kusan inci uku.

“Manaja,” in ji mai gareji ga Yaya, “wannan kwalin na nuni ne. Shiga sito ka ɗauko mini sabo, yana can ƙurya bayan tayoyi, sai ka ɗan yi tono. Kai kuma raka shi, kada ya rushe mini kaya.”

Yaya da mai walda suka shige. Mai gareji ya zagaya bayan mota ya tsuguna, ya hau zana wa taya alli kamar a nan duk aikin yake. Ni ma na juya gefe na duƙa ina goge ƙaurina da hankici, amma ina hango Baba ta wutsiyar ido.

Ya kama sitiyari da gefen ƙofa, ya yunƙura. Ƙafar ta tsaya a rabi, ya dawo. Ya tsaya yana numfashi, goshinsa ya tsatso da gumi. Ya sake yunƙurawa, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ina ta addu'a a zuci, ina sauraren ƙarar tayoyin da ake turewa a sito.

Ƙarar ta tsaya.

Na ɗago. Yaya na tsaye a ƙofar sito rungume da kwali, ya buɗe baki zai yi wata tsokanar. Baba ya ba shi baya, bai gan shi ba. A daidai lokacin ya cusa hannu ƙarƙashin cinyarsa ya ɗago ƙafar, ya cije leɓe, ya ja jikinsa da ƙarfin tsiya har ya faɗa kan kujera. Ya zauna yana haki, hannayensa biyu a kan sitiyari.

“Daidai ne, Injiniya,” ya ce da ƙarfi. “Wannan ai wasan yara ne.”

Bakin Yaya ya rufu. Ya kalli Baba, ya kalli ragowar katakan da aka jingine a bango, sannan ya kalle ni. Na girgiza masa kai kaɗan, ina roƙonsa da ido.

Ya durƙusa ya ajiye kwalin a hankali yadda ƙarafan ciki ba za su yi ƙara ba. Ya ja da baya, ya bi ta bayan rumfar walda, ya fice ta ƙaramar ƙofar da ke kallon titi.