Makokin Bature a Ƙofar Gambo

Gambo mai faci yana turo babur ɗinsa waje ke nan sai ya ga Aminu mahauci ya tuɓe takalmi a ƙofar gidan, ya durƙusa.

"Ashe rashi aka yi? Ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Gambo, don bakinsa ya riga hankalinsa.

Kafin ya tambayi wane rashi, wasu maƙwabta sun ɓullo, fuska a sunkuye. Ya juya cikin zaure, ya ci karo da matarsa Baiwa tana miƙo tabarmi.

"Ke, me kika gaya wa mutane?"

"Abin da na gani, Malam. Jiya ko tuwo ba ka taɓa ba, ka ce abokinka na Fatakwal ya rasu. Ladi ta tambaye ni a famfo, in ce mata me?"

A Matameye kuwa, wanda ya gaya wa Ladi magana ya huta da neman mai shela.

Abokin nan Bature ne, makaɗin jita daga Sikotilan, sunansa Alasta, kuma sau ɗaya tak Gambo ya taɓa ganinsa. Lokacin yana saurayi ne, shi da abokinsa Habibu suna cin rani a Fatakwal, suna gadi a wani kulob na ma'aikatan man fetur. Tun daga nan yake sauraron kiɗan mutumin, mai ƙara kamar injin niƙa, yana lallaɓa shi ƙasa-ƙasa a wurin faci. Mutuwar ta taɓa shi ƙwarai. Amma ya san garinsu. In aka ji wa yake yi wa zama, har jikokinsa sai an kira su jikokin mai makokin Bature. Ya shimfiɗa tabarmin, ya zauna.

Masu gaisuwa ba su da mugunta, sai son jin ƙwaf.

"Ɗan wane gari ne?"

"Daga arewa yake."

"Agadas?"

"Gaba dai."

"Ya bar iyali?"

Gambo ya ce Allah ne masani, aka girgiza kai don tausayi.

Da hantsi Habibu ya iso daga Tsauni. Shi ne ya aiko da labarin jiya. Ya ga taro, ya dubi Gambo, ya gane komai, ya danne dariya da tari. Ya zauna gefensa, ya ɓoye wayar salula cikin hannun riga, yana karanto masa abin da masoyan mamacin ke rubutawa, wayar tana juya shi da Faransanci.

"Wata ta ce ran nan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, bai tsaya ba, ya ci gaba da baki, jama'a na amsawa. Wani ya ce da ƙungiyarsa ta farko ya fi zafi, ta biyun sanyi gare ta."

"Ƙarya yake," in ji Gambo da ƙarfi. "Ta biyun muka gani!"

Kowa ya waiwayo. Habibu ya ce zafin rashi ne, a yi masa uzuri.

Gambo ya so ya ji saura. Su wane ne waɗannan mutane da suka san Alasta a garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba? Su ma suna shimfiɗa tabarmi, ko kowa yana kuka shi kaɗai gaban waya? Yana cikin wannan tunani sai ga Malam Lawali, limamin unguwa, da sandarsa. Aka buɗa masa wuri. Ya zauna, ya gyara rawani, ya fara ɗaga hannuwa.

"Yaya sunan mamacin?"

Habibu ya taka ƙafar Gambo. Nufinsa ya ce Ali kawai, ko Aliyu, a shafa a watse. Gambo ya dubi tafukan dattijon a buɗe, ya ji ba zai iya zuba musu ƙarya ba.

"Allah gafarta Malam, sunansa Alasta. Bature ne. Makaɗi. Ba na jin yana salla."

Aminu ya rufe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Malam ya sauke hannuwansa a hankali, ya ƙura wa Gambo ido, ba da fushi ba.

"To me ya haɗa ka da shi?"

"Sun tsaya hutu ne a tsakiyar wasa, ya fito shan iska, ya zauna kan bencinmu. Ni kuma ina rera waƙar noman da babana ke yi a gonarmu ta Dawce. Ya ce in sake. Na sake. Ya yi ta sa ni ina sakewa har ya kama ta. Da ya koma ciki, Malam, sai muka ji ta daga lasifika. Waƙar babana, da jita da ganguna. Muka leƙa ta taga, Turawa cike da ɗaki suna tsalle, ba su san gero ake nomewa ba."

"Wallahi haka aka yi," in ji Habibu. "Ni da na raina waƙar, ranar na yi hawaye."

Wani tsoho ya tambaya ko Turawan sun iya rawar. Habibu ya ce ko kusa. Aka yi dariya, wasu da Gambo, wasu a kansa, shi kansa bai iya rabewa ba.

Malam Lawali ya dafa sanda ya miƙe, ya zura takalmansa. Gambo ya sunkuyar da kai, yana jiran faɗa.

"Fatiha dai ba zan ja ba, ka sani," in ji Malam. Sai ya miƙo masa hannu. "Amma kai an yi maka rashi. Ya haƙuri, Gambo?"

Gambo ya riƙe hannun, bai sake shi ba. Habibu ne ya amsa gaisuwar a madadinsa.