Idon Hagun Maman Lawali

Wata huɗu ke nan da idon hagun Maman Lawali ya mutu, kuma babu wanda ya sani. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Ya farka ne wata safiya ya tarar gefe guda na duniya ya ɗauke. Daga waje idon garau yake, yana juyawa tare da ɗan'uwansa kamar ma'aikacin da aka sallama amma bai daina zuwa ba.

Aikinsa tuƙa motar ɗaga kaya ne a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Ranar da aka gane, za a karɓe makulli, kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya sake shi, iƙama, takardar zamansa a ƙasar, ta bi aikin. Sai ya ja bakinsa, ya koyi auna nisan akwati da inuwarsa. Bai ji tsoro ba ma. Ba ya jin komai.

Ranar Asabar bayan la'asar, 'yarsa Mastura ta tsaya kai da fata sai an je sinima, don 'yarta Layan ta ci jarrabawa. Shi ya tuƙa su daga unguwar Sa'alaba, a hankali.

A bakin ƙofa aka ba kowa baƙin tabarau.

"Wannan fa?" in ji matarsa Uwani. "Rana ce a ciki?"

"Saka kawai, Sitti," Layan ta ce wa kakarta. "Abubuwa za su fito su taɓa ki. Sidi, yalla, saka naka."

"Amarya ta yi umarni," ya ce, ya saka.

Fim ɗin na wasu yara ne 'yan makaranta da suka wayi gari da baiwa. Wata tana ɗaga mota da kallo, wani yana shigewa bango. Akwai kuma ɗan siriri da ke ɓacewa in ya riƙe numfashi, shi ne ya ɗauki hankalin Maman Lawali. Ya yi ta tunanin ko in yaron ya ɓace yana ganin kansa.

Can yarinyar mai ɗaga mota ta fusata, tagogin makarantar suka tarwatse. Gaba ɗaya ɗakin ya sunkuya. Uwani ta yi salati ta kare fuska da mayafi. Layan tana ihu tana dariya tana kai hannu ta cafki iska. Wani ƙato a gaba har ya zubar da lemonsa.

Maman Lawali yana zaune sambal. Shi bai ga komai ya fito ba. Hoto ne shimfiɗe a bango kamar na talabijin ɗin gida, sai dai duhu-duhu. Bai san tabaran ido biyu yake buƙata ba. Ya ɗauka mutanen Jidda ne suka cika zumuɗi.

Aka jefo mota, aka sake sunkuyawa. Aka saki tsuntsayen wuta. Sau uku ana yi, kansa shi kaɗai a tsaye.

Mastura tana hagunsa. Ta cire tabaranta ta dube shi. Sannan ta ɗaga kwalin gugguru ta riƙe dab da kumatunsa. Ta daɗe a haka, har hannunta ya gaji. Sai da ƙamshin man ya kai hancinsa ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya ga kwalin, ya ga fuskarta.

Ya ɗebi gugguru biyu ya tauna. Ba su da ɗanɗano.

Da aka fito, Uwani da Layan suka yi gaba suna gardamar wace baiwa ta fi amfani. Uwani ta ce ita dai a ba ta shiga bango, ta ga abin da maƙwabciya ke zubawa a miya.

Mastura ta tsaya jikin mota.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun Rajab."

"Da shi kake ɗaga kaya? Mutane suna bi ta gefenka?"

"Ina kallon inuwa."

"Zaharaddeen da ke maka alama da hannu, ta wane gefe yake tsayawa?"

Ta hagu yake tsayawa. 'Ya'yan Zaharaddeen uku.

Ta miƙa tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya ajiye makullin motar a ciki.

"Gobe ba tasha," ta ce. "Asibiti, ƙarfe takwas. Kai za ka kira mutanen tashar ko ni?"

"Ni."

"Halas, shi ke nan."

Ya zagaya ya shiga kujerar da bai taɓa zama ba a motarsa. Layan ta leƙo daga baya.

"Sidi, kai jarumi ne! Ko gezau ba ka yi ba."

"Haka ne, amarya."

Mastura ta tada mota. Tana hagunsa, ba ya ganinta. Yana dai jin yadda take jan hanci a hankali, kada uwarta ta ji.