Maigadin Akurki

Shekara talatin da biyu ya yi a asibiti, wannan kam ba ƙarya ba ce. Abin da ba ya faɗa shi ne a bakin ƙofa ya yi su duka, cikin kaki ruwan toka, da usur a wuya, yana gaya wa masu dubiya lokaci ya wuce. Da ya yi ritaya suka tare a wannan unguwa, ranar nan telan da shagonsa ke kallon gidansu ya ɗaga murya ya ce, "Likita, barka da hantsi!" Ya waiwaya ya amsa. Shi ke nan suna ya zauna. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, shi kuwa bai tsaya ga sha ba, har wanka ya yi.

Ba ya yi wa kowa allura, Allah ya tsare shi da wannan. Amma in kanka na ciwo ka je wurinsa, zai ja fatar idonka ƙasa, ya ce ka fito da harshe, ya girgiza kai, sannan ya ce ka riƙa shan ruwa da yawa kuma ka je asibiti. Sunan nan ya fi masa fansho daɗi, babu kuma abin da yake tsoro kamar ranar da za a ƙwace masa shi. Matarsa ba ta taɓa tona shi ba. In dai an kira shi Likita a gabanta, sai ka ji tari ya sarƙe ta.

Ita matar tana da kaza guda, wata tsohuwa mai gajerun ƙafafu da ake kira Gajera. Jikar kazar da marigayiya mahaifiyarta ta ba ta ce, kuma ita kaɗai ta rage daga wannan zuri'a. A lokacin da wannan abu ya faru Gajera na kwanci kan ƙwai tara, a cikin tsohon baho, a ɗan sito kusa da kicin.

Ranar wata Lahadi Likita ya dawo daga kasuwa da kwali biyu, 'yan matan kaji shida a ciki. A bayan wata mota ya saye su, hannun wani mutum mai saurin magana wanda bai ko kashe injin ba.

"Baban yara," in ji matar, "waccan ta gefe idonta kamar da ruwa. Ka ware su tukuna mu ga kamun ludayinsu."

"Maman yara, tsakanin ni da ke wa ya yi aikin asibiti?"

Tari ya sarƙe ta. Ya juye kajin a akurkin bayan gida, ya toshe 'yar tagar da buhu don kada iska ta kama su.

Kwana biyu aka yi, sai atishawa ta fara. Wanda bai taɓa jin atishawar kaza ba ya yi asarar abin dariya, sai dai dariyar ba ta daɗewa. Ran Laraba uku sun tashi da kumfa a ido. Ɗaya fuskarta ta kumbura, idon hagu ya liƙe da kwantsa. Wata tana numfashi baki buɗe, maƙogwaro na ƙara kamar minsharin tsoho. Akurkin kuwa in ka leƙa, warinsa kaɗai ya isa ya sa ka hawaye.

Maimakon ya damu, Likita murna ya yi. Shekara talatin da biyu yana hango ɗakin marasa lafiya ta taga, yau ga nasa na kansa. Ya jera kwalaye shida a matsayin gadaje, ya rubuta musu lamba. Ya daka ƙwayar ciwon kai ya zuba a ruwansu. Ya binciko maganin idon matarsa wanda wa'adinsa ya ƙare tun bara, ya ɗiga wa kowacce. Ya shafa musu man zafi a baki. Da hankici ɗaya yake goge idon Gado na Ɗaya har zuwa Gado na Shida, masu ciwo da marasa ciwo, don kada a ce ya nuna bambanci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, shi kuwa nasa ya shaƙe shi har wuya bai sani ba.

Da yamma ya tsallaka shagon tela, hannu a baya.

"Akwai annoba a gari," ya ce. "Ka gaya wa mutanen layin nan, ran Asabar da safe kowa ya kawo kajinsa in duba su. Rigakafi ya fi magani."

"An gama, Likita," in ji tela, allura a baki.

Ran Alhamis da safe Gado na Huɗu ta miƙe ƙafa. Likita ya tsaya a kanta, ya dubi agogo, ya faɗi lokaci da ƙarfi kamar akwai mai rubutawa. Sannan ya tuna akwai sauran majiyyaciya guda da bai zagaya ba. Ya nufi sito da hankicin nan a hannu.

A bakin ƙofar siton ya tarar da matarsa, da tsintsiya.

"Ina zuwa?"

"Zan duba idon Gajera."

"Da wannan tsumman?" Hawaye suka zubo mata. "Baban yara, shekara shida ina haɗiye magana. Ka ja idon mutane, ka duba harshensu, ban ce uffan ba, don su suna da ƙafar zuwa asibiti. Gajera ba ta da kowa sai ni. Abin da ya rage mini na Inna ke nan a duniya. Wallahi in ka taka nan, sai dai ka bi ta kaina."

Tun da suke bai taɓa ganin hawayenta a kan dabba ba. Ya ji kunya ta rufe shi, ya cusa hankicin a aljihu. Kafin azahar ta sa an kira likitar dabbobi.

Likitar ta iso a kan babur, yarinya ce sa'ar autarsu, da takalmin roba har gwiwa. Abu na farko da ta yi, ta fizge buhun da ya toshe taga da shi. Ta ɗaga kajin ɗaya bayan ɗaya, ta saurari ƙirjinsu, ta buɗe idon da ya liƙe. Sai ta hango kwalbar man zafi.

"Wa ya shafa musu wannan?"

"Taimakon gaggawa ne," in ji Likita. "Ni ma na yi aikin asibiti."

"Allah sarki, Baba. Wane sashe?"

Ya dubi matarsa. Matarsa ta dubi sama.

"Sashen shiga da fita."

Yarinyar mai tarbiyya ce, ba ta yi dariya ba. Ta ce mura ce mai tsanani irin wadda kaji ke zuwa da ita a ɓoye, wahalar tafiya da sabon wuri su tayar da ita. Ta ba da garin magani na zubawa a ruwan sha, ta faɗi kwanakin da za a yi ana ba su, ta ce ko sun fara ƙwai kada a ci sai ta ba da izini. Ido kuwa a wanke shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, kowace kaza da audugarta, a jefar bayan an gama. A kwashe shimfiɗar akurki a zuba busasshiya, a bar iska ta shiga.

"Amma Baba, magani shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin na ƙofa ne. Wanda zai ba da abinci ya fara da mai kwanci, sannan ya zo nan, kada a juya. Takalmin nan daban, na can daban. A wanke hannu da sabulu. Kada kazar waje ta shigo, kada ta ciki ta fita, kada mai kaji ya zo leƙe. A nan kowa yake faɗuwa, don mutane ba su iya cewa a'a ba. Maƙwabci ya zo, a ji kunyarsa, a buɗe masa."

Likita ya gyara tsayuwa. Shi da ya taɓa tsayar da mai babbar mota awa biyu a rana saboda babu katin dubiya!

"Sai yaushe za a haɗa su da Gajera?" matar ta tambaya.

"Mama, ba rana. Ko sun warke, irin wannan ciwo yakan zauna a jikinsu, su shafa wa wasu."

Ranar Juma'a ya yini yana raba tsakar gida da raga da tsofaffin katakai, ya yi 'yar ƙofa a tsakiya, ya ajiye bokiti da sabulu da silifa biyu. Aikin ya ɗauke masa hankali har ya manta da alkawarin da ya yi a shagon tela.

Asabar da safe hayaniya ta tuna masa. Ya leƙa ta ramin ƙofar gida. Mutum tara ne a layi, wasu da kwando, wasu da kaza a hammata. Tela na gaba, rungume da wani jan zakara mai ji da kansa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ya buɗe ƙofar kaɗan, ya fito da kai.

"Yau ba a ganin marasa lafiya."

"Ai lafiyarsu ƙalau, Likita," in ji tela. "Rigakafi ka ce."

"Kayan aiki ba su iso ba."

"Wane kayan aiki? Ja idon kawai ka duba, kamar yadda kake mana." Tela ya sa kafaɗa ya fara tura ƙofar, na baya suka matso.

Likita ya yi lissafi cikin sauri. In ya taɓa zakaran nan da hannun da ya gama wanke idon Gado na Biyu, ya aika ciwo gida tara. In suka shigo, ƙafa goma sha takwas za su tattake tsakar gida har bakin sito. Likita kuwa ba ya korar wanda ya zo neman lafiya, ba a san shi da haka ba. Mutum ɗaya ya sani a duniya wanda ya iya wannan aiki.

"Ku ba ni minti biyu," ya ce, ya danna sakata.

A ƙasan akwati ya samo kakin, yana warin ajiya. Maɓalli uku suka ƙi haɗuwa a kan tumbi, ya bar su haka. Ya rataya usur. Ya zare sakatar, ya fito ya ja ƙofar a bayansa, ya tsaya ƙafa a ware. Ya busa usur ɗin har zakaran tela ya zabura.

"Ba shiga! Kajina na da ciwo mai yaɗuwa, ni na jawo shi da hannuna. Kowa ya mai da tasa gida. Wanda tasa ta yi atishawa ya kira likitar dabbobi, lambarta na wurin Maman yara." Ya sauke murya. "Ni ba likita ba ne. Ban taɓa zama ba. Maigadi ne, shekara talatin da biyu."

Ya jira ƙasa ta tsage. Sai tela ya fashe da dariya, har ya jingina da bango.

"To wa bai sani ba? Ni fa ka hana shiga ranar da aka haifi babban ɗana! Na roƙe ka, na haɗa ka da Allah, ka ce ko likita ne ya zo ba kati sai ya koma. Tun ranar nake ce maka Likita a raina. Da na ga ka tare a nan, na gwada kira, sai ka amsa. Muka ce to, tunda yana so."

"Ai shawararka ba ta da illa," in ji wata mata daga baya. "Sha ruwa, je asibiti. Wa ya taɓa mutuwa da wannan?"

Suka watse da kajinsu suna dariya, babu wanda ya taka ƙofar. Shi kuwa ya daɗe a tsaye. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da yadda zagi zai yi. Shekara shida yana gadin sirrin da duk unguwa ke wasa da shi.

Ya shiga gida ya tarar da matarsa tana tankaɗe dusa.

"Ke ma kin san sun sani?"

"Tarin me kake tsammani nake yi shekara shida?"

Bai cire kakin ba. Ya jawo kujerar roba ya dasa a bakin 'yar ƙofar raga, nan ya koma yini. Kaji biyar suka tashi, ɗaya da ido guda, tana kallon duniya a karkace. Bayan kwana goma sha ɗaya Gajera ta fito daga sito da 'yan tsaki bakwai a bayanta, idanunta garau, tana tafiyar nan tata ta ƙasaita a nata ɓangaren.

Da yammar ranar matar ta fito daga wajen akurki da kwanon dusa, tana saurin zuwa ganin 'yan tsakin. Ya miƙa ƙafa ya tare hanya. Ta tsaya ta dube shi, shi da kakinsa mai maɓalli uku a buɗe.

"Da wannan rigar ka ciyar da mu, ka sa yara a makaranta," ta ce. "Ban taɓa jin kunyarta ba ko sau ɗaya, kai ne ka binne ta a akwati. Likita bai tsinana wa Gajera komai ba. Ni dama maigadi na aura."

Idonsa ya kawo ruwa, ya yi kamar ƙurar dusa ce. Ya gyara zama, ya nuna bokitin da baki.

"Na ji, Maman yara. Sauya silifa, ki wanke hannu."