Jan Fure a Kurmi

Yayana ba ya faɗuwa a gardama. Ko ka kayar da shi, cewa zai yi ƙasar ce ke da santsi. Shi ya sa ranar Asabar da hantsi, da na same shi a falo yana zagin talabijin, na ajiye wankina na jawo kujera, don na ƙudura yau sai na ga bayansa.

Bakanike ne a ma'aikatar jirgin ƙasa, kuma a mako mai zuwa za a yi masa gwajin lafiya na ƙarshe kafin a ba shi tuƙi. Ya daɗe yana jiran ranar. Abokansa tuni suka fara kiransa Direba, shi kuma yana amsawa har da gyara wuyan riga. Kafin ranar ta zo ne ya sayo kashi na biyu na gem, wasan bidiyon nan da muka fi so, na wata yarinya mai neman ƙaninta da fitila a hannu. Kashi na farko baƙi da fari ne, kamar zanen gawayi, kuma Yaya ya gama shi ko gumi bai yi ba. Na biyun a kurmi ake yinsa, kore shar, yarinyar tana tsalle daga reshe zuwa reshe.

"Auta, mutanen nan sun ci amanarmu," in ji shi, lokacin da yarinyar ta sake rikitowa ƙasa. "Na farko wahalarsa mai hankali ce, in ka mutu ka san laifinka. Wannan caca ce kawai. Wani reshe ya karye, wani ya riƙe ka, alhali duk iri ɗaya ne."

"Ko dai tsufa ne, Yaya?"

"Tsufan gidanku."

"Ai gidan namu ɗaya ne."

Bai kula ni ba, ya koma kan zanen. Wai sun kwarara kala kamar an yi ɓari a shagon fenti, ganye kan ganye, babu abin da ido zai kama. Ni kuwa na ce ban taɓa ganin zane mai kyansa ba, kuma in ma da laifi, sauƙi ne ya yi masa yawa, don sun ɗauke mu yara har hanya suka shimfiɗa mana.

"Cika baki ba wuya," ya ce, ya miƙo mini rimot.

Na tsallake kurmin nan tsaf, ko tuntuɓe ban yi ba. Ya ce sa'a ce. Na sake, wannan karon har ina 'yar waƙa, don daɗin ya kai mini ko'ina.

"Kin kalli yadda ake yi a waya."

"Me zan kalla? Duk reshen da ke da jan fure shi ne mai ƙwari."

"Wane fure?"

Na yi dariya, na ɗauka salon gudun kunya ne. Na tashi na ɗora yatsa a kan gilashin talabijin, daidai kan wani fure ja wur. Yaya ya matso, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai ganye ne. Ya dai ɗan fi sauran duhu."

Nan dariyata ta tsaya. Na nuna masa wani, na nuna masa wani, amsar ɗaya ce. Sai na tuna gwajinsa, don ko ni da ban taɓa hawa kan injin jirgi ba na san da ja da kore ake yi wa direba magana.

"Yaya, fitilar kan titi fa? Yaya kake gane ta?"

"Ta sama tsaya, ta ƙasa wuce. Kowa ai haka yake yi."

"Ba kowa ba."

Can ya ce, a hankali, "Talabijin ɗin ne. Kalarsa ta daɗe da lalacewa, ko ba haka ba?"

Da na ce e, da an wuce wurin, ya ci gaba da zagin masu gem, ni kuma in koma wankina. Tausayinsa ya kama ni har sai da na ji kamar in yi ƙaryar. Amma tunda nake ban taɓa bar masa gardama don tausayi ba, kuma wannan ba irin wadda ake bari ba ce.

"Lafiyar talabijin ƙalau. Furen ja ne, Yaya, kuma irinsa sun cika allon."

Ya ajiye rimot a kan cinyarsa. Ya dubi hannunsa, wanda baƙin mai ya zauna a gefen faratansa. Na zaci zai yi faɗa, kuma na fi son ya yi faɗan.

"Litinin zan je asibitin ido," ya ce, "kafin su kira ni. In haka ne, da bakina zan gaya musu. Gara a cire sunana da in ɗauko mutane cike da tarago ina lalube."

"Wataƙila akwai abin da likita zai..."

"Wataƙila." Ya share fuska da tafin hannu, ya gyara zama. "Amma ki sani, maganata tana nan. Duk mai zanen da ya rataya hanya a kan kala ɗaya bai gama aikinsa ba. Da ya sa furen ya yi motsi, ko ya ba shi wata siffa, da ni ma na wuce."

Na ce masa wannan kam ya yi gaskiya.

Ya ɗauki rimot, ya buga kujerar da ke kusa da shi.

"Zo ki zauna ki dinga gaya mini inda jan yake. A nan dai an yarda mutum ya ari ido."