Gasar Attarugu a Gareji

Tun da matar Oga, babban bakanike, ta rasu, ba wanda ya ga ɗigon hawaye a idonsa. Ranar rasuwar ma shi ke ba mutane haƙuri, har ƙannenta suka riƙa cewa bawan Allahn nan dutse gare shi a ƙirji. Hmm! Ba su leƙa garejinsa ranar Laraba ba ne.

Duk Laraba da rana sai a ajiye sifana, a kife bokitin fenti, a zube attarugu ja wur a kai. Doka ɗaya ce: wanda ya fara taɓa robar ruwa ya faɗi. Hawaye da majina kuwa ba laifi ba ne. Mai walda ba ya wuce uku, mai fenti biyu yake ci ya hau tsalle. Shi Oga sai ya rufe ido ya tauna goma a hankali, hawaye na gangarowa har cikin gemu, ana tafi ana "Sai Oga!" Wannan ɗan lokacin kaɗai yake samu a mako ya yi wa matarsa kuka ba a gane ba.

Ana nan sai gyambon ciki ya kama shi. Likita ya hana yaji, ya yi kunnen ƙashi. 'Yarsa ta fari, mai shegen wayo irin na uwarta, ta lallaɓa wurin mai kayan miya ta roƙe shi ya ba 'yan gareji irin attarugun nan mai ƙamshi kawai, ba zafi.

Laraba ta zo. Mai fenti ya gatsa ɗaya, ya ƙara, ya yamutsa fuska.

"Kai, wannan ai tumatir ne ya yi shigar burtu!"

Mai walda ya watsa huɗu a baki yana ƙyaƙyatawa. Suka juyo za su tsokani Oga.

Ido a rufe, yana tauna, kafaɗunsa na rawa, hawaye shaɓe-shaɓe. Bai ma san me ake ciki ba.

Dariya ta ɗauke ɗif.

"Oga," in ji mai fenti ƙasa-ƙasa, "ai babu yaji."

Ya buɗe ido, ya dubi guntun da ke hannunsa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya goge fuska da tsumman baƙin mai.

"Uban wa ya bar motar can a kan jak?"

Larabar da ta biyo baya ba wanda ya sayo attarugu, wai don tausayi. Da rana ta take, Oga ya shige motar wani kwastoma, ya ɗaga gilasai, ya zauna shi kaɗai, ido a bushe ƙamas, har aka koma aiki.