Bututun Kaka a Bakin Gada

"Mama, me ya sa madubin hangen nesan Kaka ba shi da gilashi, kuma yana warin hayaƙi?"

Lorna ta ɗaga ido ta dubi madubin mota. 'Yarta Josie, mai shekara shida, tana kujerar baya, ta kara wani baƙin bututu a ido tana leƙen motocin da ke wucewa. Lorna ta ƙura wa bututun ido. Ta san abin. Shi ne mahaifinta Orville yake ɗaurawa a bakin bindigarsa ta farautar barewa don ya rage mata ƙara.

"A ina kika samo wannan?"

"A aljihun rigar farautar Kaka, cikin safa. Ai Kawu Curtis ya ce kowa ya ɗauki abu ɗaya."

Haka kuwa aka yi. Da aka dawo daga binne tsohon, aka ci kaza da dankali a zauren coci, sai dangi suka wuce rumfar aikinsa, kowa ya ɗauki abin tunawa kamar yadda aka saba a gidansu. Wani ya ɗauki guduma, wata ta ɗauki fatsa. Bindigogin kuwa Curtis, yayan Lorna, ya kulle su tun ranar rasuwar, domin shi ne wasiyyi, wanda tsohon ya ɗora wa kula da gadonsa. Ba wanda ya tuna da aljihun riga.

Allon gefen hanya ya nuna gada na gaba. Nan jihar Missouri ce, hayin kogi kuma jihar Illinois, inda gidan Lorna yake, inda mallakar wannan bututu babban laifi ne. Lorna ta rage gudu. Ita kaɗai Josie take da ita. In aka kai ta gidan yari, wa zai tashe ta da safe, wa zai san cewa ba ta barci sai an bar ƙofa a buɗe?

Ta karya kan mota ta bi mafita ta ƙarshe kafin gada, har wani mai babbar mota ya danna mata hon. Ta tsaya a gefen wani gidan mai.

"Miƙo shi nan, 'yar Mama."

"Nawa ne."

"Na sani. Miƙo."

Ta karɓa da yatsu biyu kamar garwashi, ta mayar da shi cikin safar, ta tura ƙarƙashin kujera. Sannan ta kira yayanta.

"Auta, har kin yi kewata?" in ji Curtis. "Ko kin manta kwanonki ne kamar kullum?"

"Yaya, bututun Baba yana motata. Josie ce ta ɗauko."

Dariyar da ke muryarsa ta ɗauke. "Tun safe nake birkice gidan nan ina nemansa. Kin haye?"

"Ina kallon gadar."

"To kada ki motsa."

"In jefa shi a kogi mana, kowa ya huta."

"Ke da wayonki na kaza. Abin da hukuma ta yi wa rajista da sunan Baba? In aka tambaye ni ina yake, in ce kifi ya ci? Saurara. Ko a wannan gefen ma ba ki da izinin riƙe shi. Ni kaɗai doka ta yarda in ajiye shi, har a rubuta wa hukuma, ta amince da magaji. Kafin nan, ko 'yar cikinsa ba ta ɗauka."

"Ai ba ni na ɗauka ba."

"Sai ki gaya wa alƙali 'yar shekara shida ce ta ɗauka. Zauna nan, ga ni nan zuwa."

Jiran ya yi mata tsawo. Ta sayo wa Josie ruwan lemo, ta dawo da sauri ta kulle ƙofofi. Ba a jima ba motar 'yan sanda ta shigo, ta rasa inda za ta tsaya sai dab da tasu. Ɗan sandan ya shiga ya fito da kofin shayi, ya ga yarinya na ɗaga masa hannu, ya sunkuyo wajen taga. Dole Lorna ta sauke gilashi.

"Gimbiya, wannan baƙar riga fa? Daga ina?"

"Kakana ne ya rasu," in ji Josie. "Ya bar mini madubin hangen nesa, amma Mama ta ƙwace."

Lorna ta danne safar da dunduniya.

"Haka iyaye mata suke, ni ma tawa ta sha ƙwace mini kaya," in ji shi. Ya dubi Lorna. "Allah ya ba da haƙuri. Lafiya dai? Na ga fuskarki ta canza."

"Gajiya ce. Yayana nake jira."

"Gara haka, kada ki yi tuƙi da gajiya."

Ya tafi. Lorna ta kifa goshi a kan sitiyari, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da Curtis ya iso, bai ko kashe motarsa ba. Ya karɓi safar, ya kulle ta a akwatin ƙarfe, sannan ya sauke numfashi.

"Kin san ke ya bar wa shi? Saboda Josie. Ya ce ƙarar bindiga ce ta cinye masa kunne, ba ya so jikarsa ta girma tana cewa 'na'am?' sau uku kamar shi."

Idon Lorna ya cika. Ta tuna yadda suke ɗaga murya a teburin abinci don tsohon ya ji.

"Ba zai shiga gidana ba, Yaya. Ko hukuma ma ba za ta ba ni ba, tunda ina zaune a Illinois. Ka gaya wa lauya na yafe, a mayar da shi sunanka. In ta girma ta zo farauta, sai ta harba a gefenka."

Josie ta fara kuka, tana cewa kowa ya samu abu ban da ita. Curtis ya cire hular farauta mai launin ruwan lemo da ke kansa, wadda shi ya zaɓa daga kayan tsohon, ya kifa mata har ta rufe mata ido.

"Ga shi nan, sarkin ɓarayi. Wannan ko gaban alƙali ki sa ta."

Lorna da Josie suka haye gadar, suka sauka a ɗaya gefen.

Ke mai karatu, in naku ya rasu ya bar bindigogi, kada ki bari a taɓa ko allura a kayansa sai wasiyyi ya nemo kowane abu mai rajista ya kulle. Kuma kafin ki tayar da mota, ki zazzage jakar yaranki da hannunki.